Sai Tsohuwa Ta Wuce

Cust, farkon Fabrairu, 1984

Zuwa ga ƙanin mijina, Yodgorjon,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a wannan ƙasa ta ƙanƙara, kai da abokan aikinka. Mu nan da sauƙi, alhamdu lillahi. Ena, mahaifiyarku, tana kwance, tarin bai sake ta ba, amma tana shan shayi da madara, jiya ma ta ci rabin gurasa. Ɗanmu Sobir ya rubuto daga barikin soja, ya ce sun hana shi izinin zuwa. Ni kuma ina takaba, ban taka ƙofar gida ba tun ranar da aka fita da yayanka.

Na san tangarahun rasuwar ya same ka a makare. Ba wanda ya ga laifinka. An yi sadakar arba'in, mutanen unguwa sun cika tsakar gida, an dafa shinkafa a babbar tukunya har ta yi saura. Ena ta yi ta duban ƙofa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ni da rubutuna kamar kaza ta bi ta kan takarda, maganar inabin tsakar gida ce. Ka san yadda yayanka yake yi duk shekara in sanyi ya gabato: ya kwance hannuwan kurangar nan uku daga rumfa, ya kwantar da su ƙasa, ya rufe su da kara, ya bi da ƙasa. Bana ma haka ya yi a Nuwamba. Yana yi yana dafe ƙirji, ina ce masa ya huta, yana cewa inabi ba ya jiran mai hutu. Shi ne aikinsa na ƙarshe a gidan nan. Ba a jima ba shi ma aka binne shi. Yanzu in na fito da safe tudu uku nake gani a gindin katanga, dogaye, sai in kau da kai.

Shekara ashirin da biyu ina gidan nan, ban taɓa tambayarsa yaushe ake tonewa ba. Nawa shi ne in kai masa shayi, in tsinko in ya nuna, in rataye a ɗakin ajiya. A garinmu Sherobod ba a binne inabi, a kan rumfarsa yake cin sanyinsa, don haka ko a gidan ubana ban ga yadda ake yi ba.

To ga shi bana sanyin ya rikice. Lokacin tsananin ɗari ya shige ba dusar ƙanƙara ta kirki, yanzu kuma rana ake yi kamar gobe Nawruz, bikin shigowar bazara. Kaji har sun fara ƙwai. Toshbibi maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga, ta ce mijinta ya ce in ƙasa ta yi ɗumi aka bar inabi a ciki, idanunsa da toho yake fitowa ruɓewa suke. In kuma aka yi saurin fito da shi sanyi ya dawo, ƙonewa suke. Na ce to yaushe ke nan? Ta ce, "Ke ma dai. Da na sani ai da ni ce mijin."

Yodgorjon, ba kwaɗayi ne ya dame ni ba. Ena ta ce a sadakar shekara ta ɗanta, da kaka, ba ta son a ajiye wa mutane inabin kasuwa. Ta ce wanda ya binne da hannunsa, shi za a ci a yi masa addu'a. Na amsa mata da to. Kai ka tashi a gindin kurangar nan, tare da shi kuka koya a wurin mahaifinku. Ka rubuto mini yaushe zan tone, da yadda zan yi.

Ena ta ce ka riƙa rufe kunnuwanka.

Matar yayanka,
Sanobar

*

Sansanin haƙar mai, bayan Surgut, ƙarshen Fabrairu

Kennoyi, matar yayana mai daraja,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo da jirgin kayan abinci, matuƙin kuma ya ce ba zai kashe inji ba, don haka a tsaye nake wannan rubutu, da fensir, tawada daskarewa take a nan. Lafiyata lau. Allah ya jiƙan Yaya Mamasoli, ya ba mu haƙuri. Har yanzu in na tuna gida shi nake gani a kan tsani.

Maganar inabi: kada ki taɓa shi, kada ki bari kowa ya taɓa, sai tsohuwa ta wuce. Na san halinta. Sai ta yi lamo kamar ta tafi, kowa ya saki jiki, ta farfaɗo ta yi ɓarna. Ki yi haƙuri da ita, kwanakinta ba su da yawa. Da zarar ta wuce sai ki tone, kowa ya huta. Yaya ma abin da yake jira ke nan duk shekara.

Ki gai da Ena. Sauran bayani sai jirgi na gaba.

Yodgor

*

Cust, makon farko na Maris

Yodgor,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Ena ma tana raye. In wancan labarin kake jira, sai ka ƙara haƙuri.

Na karanta takardarka, na sake karantawa ko idona ne. A lokacin tana bayan bangon nan tana tari, tana kirana, "Kelin, me autana ya ce? Zo ki karanta mini." Har yau kelin, wato amarya, take ce mini, kamar jiya aka kawo ni gidan. Na ce mata kana gaishe ta, kana kuma rufe kunnuwa. Sauran na haɗiye shi. Ban nuna wa kowa ba, ko Toshbibi, don abin kunyar gidanmu ne.

Ashe haka sanyin can yake daskarar da zuciya? Kwanakinta ba su da yawa, in ji ka. Kai ka rubuta mata su? In ta wuce kowa ya huta. Wa ya ce maka na gaji? Ni nake juya ta, ni nake wanke ta, ni nake tauna mata gyaɗa in ta yi marmari, ban taɓa kai maka kuka ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da ka jawo yayanka ciki, ka ce shi ma abin da yake jira ke nan. Mutumin da ba ya kai ƙwayar inabi ta farko bakinsa sai ya kai mata a tafin hannu. Yana kabari ba shi da bakin kare kansa, ni ina da shi.

To ka ji abin da na yi. Na ce wallahi da ranta za ta ga ganye a rumfar nan. Itacen urik na bakin rijiya ya yi fure fari fat, ƙudan zuma har sun fito. Rabin unguwa sun tone nasu, mijin Toshbibi ma ya tone. Ranar Talata na ɗauki garmar yayanka na hau tudu na farko. Toshbibi ta jiyo ƙara, ta hauro ta inda katanga ta zube, tana cewa, "Mai takaba da garma! Kawo in kama miki, kafin ki sare ƙafarki a ce ina gani."

Muka tone biyu. Da muka ɗaga karan sai ga hannun inabin kwance, baƙi, da danshi, yana ƙamshin ƙasa. Igiyar da ya ɗaure shi da ita tana nan da irin ƙullinsa, wanda sai ka ja bakin ɗaya yake warwarewa. A nan na zauna na yi kukan da ban samu yi ba ranar jana'iza. Toshbibi ta bar ni sai da na gama, sannan ta ce, "To, an shayar da shi, saura ɗaurewa."

Mun ɗora su a rumfa, ita a kan tsani ni ina miƙa mata. Ban san haka suke da nauyi ba, shi kaɗai yake ɗagawa duk shekarun nan. Na ukun, wanda yake can lungun da rana ba ta kaiwa da wuri, ban tone ba. Bayana ne ya riƙe, da ƙyar na miƙe. In na samu sauƙi zan ƙarasa.

Idanun sun kumbura, wasu har sun tsage, ana ganin ɗan kore-kore mai gashi a ciki. Na buɗe taga na nuna wa Ena. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Da wuri haka?" Na ce bana komai da wuri ya zo. Ta ce, "Uhm," barci ya ɗauke ta.

Ba sai ka amsa ba in ba ka da abin faɗa.

Sanobar

*

Cust, tsakiyar Maris

Yodgorjon, ƙanina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ena da sauƙi, ni ma bayan ya sake ni. Ban san ko wadda na aiko kafin wannan ta isa ba. In ba ta isa ba, in ta zo ka jefa ta wuta kada ka buɗe. In kuwa ka riga ka karanta, to ka daure ka karanta wannan ma har ƙarshe.

Ranar Lahadi da la'asar ina kwashe shanya, iska ta juyo daga wajen duwatsu. Ba irin ta kwanakin nan ba, wata mai cizo, mai shiga haƙori. Furen urik ya fara zuba kamar ana karkaɗe shi. Sai ga Toshbibi ta hauro katanga ba ko sallama, ɗankwali a hannu, tana cewa, "Kwaso barguna, Sanobar, ga tsohuwa nan ta iso!"

Na ce, "Wace tsohuwa?" Na juya wajen ɗakin Ena.

Ta ce, "Ba taki ba, ke! Ta Maris. Kwanakin tsohuwa mana, sanyin nan da yake dawowa ya yi sallama kafin Nawruz. Tsohona, wato maigidana, ya rantse bana ta manta hanya, to ga ta nan. Yana can yana zagin kansa da kakanninsa."

Yodgorjon, sai a nan na gane tsohuwar da kake nufi. Na san sunan nan. Na sha jin maza suna faɗarsa a bakin ƙofa, amma a Sherobod ba wanda take tsoratarwa, ban taɓa riƙe shi a kai ba. Ran da takardarka ta zo tsohuwa ɗaya ce a kunnena, tana tari. Ban tsaya tunanin wata ba.

Ba lokacin kuka. Muka sauke duk bargunan da ke jere a kan akwati, na baƙi da na aurena, har da rigar yayanka mai auduga. Muka naɗe iya inda hannu ya kai. Amma ka san tsawon hannuwan nan, sun cinye rumfa tun daga ƙofar madafa har bakin zaure. Na ce mu sauke su mu sake binnewa. Toshbibi ta ce idon da ya riga ya buɗe ko numfashi aka yi masa karyewa yake, balle ƙasa. Kafin magariba dusar ƙanƙara ta fara sauka, mai laushi, har na ji daɗi, na ce ko za ta zame masa bargo. Sai ta tsaya cak, sama ta washe tas. Toshbibi ta ɗaga kai ta ce, "Wannan ce muguwar. Da ma ta ci gaba da zuba."

Da safe ruwan buta ya zama dutse. Idanun suna nan kore, suna ƙyalli kamar an barbaɗa musu suga, har na ce sun tsira. Da rana ta hau su sai suka yi laushi. Zuwa azahar sun koma ruwan ƙasa, washegari baƙi kamar an bi su da ashana ɗaya bayan ɗaya. Haka tsohuwar ta yi ta yi, ta ƙi tafiya. Na ƙarƙashin barguna ma ba su kai ba. A wuri ɗaya ɓawon ya tsage har ana ganin farin itacen da ke ciki.

Na gaya wa Ena duka, abin da ka rubuta da abin da na ɗauka. Na zaci za ta yi fushi. Dariya ta yi har tari ya sarƙe ta, ta ce, "Da kin karanta mini ai da na gaya miki ni ba ni da niyyar wucewa." Da dariyar ta lafa ta ce, "Saura nawa a ƙasa?" Na ce ɗaya. Ta ce, "To ciwon bayanki ya fi ki hankali." Ba ta ƙara tayar da maganar sadaka ba, kuma shirun nan ya fi mini faɗa zafi.

Na zage ka a kan abin da ba ka yi ba. Ka yafe mini don Allah. Yanzu duk abin da ya rage na aikin yayanka yana cikin tudun nan guda. Ba zan ƙara yin gaban kaina ba. Abin da ka ce shi zan yi.

Matar yayanka,
Sanobar

*

Sansani, ƙarshen Maris

Kennoyi,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, sai yatsa ɗaya da sanyi ya taɓa, ya kusa warkewa. Takardarki ta farkon Maris ce a hannuna, ita kaɗai ta iso. Na fara karantawa a gaban mutane ina murmushi, na ƙarasa a bayan tankin mai.

Ni kike cewa ina jiran mutuwar Ena? Tsohuwar da nake nufi ko yaron goye a Cust ya san ta. Baba yakan ce wata tsohuwa ce ta ga sanyi ya tafi ta yi masa gori, ta kora awakinta kiwo, shi ne ya aro 'yan kwanaki ya dawo ya daskarar da ita. Laifina ne da na yi rubutu a tsaye kamar mai sayen tikiti. Amma ke ma, Kennoyi, tun ban fara aske gemu ba kika san ni. Ke kika soya mini guzurin da na tafi soja da shi. Zuciyarki ba ta ce miki, a'a, Yodgor ba zai faɗi haka ba?

Na bar wannan. Yanzu tsorona inabin. Na ji a rediyo an ce sanyi ya sauka a kwarin Fargona. Ban san ko ya kai gidanmu ba. In ya kai, biyun da kika ɗora sun tafi bana, sai dai mu roƙi Allah gindin ya tsira.

Ki ji ni da kyau, wannan a zaune nake rubuta shi. Kada ki tone na ukun. Na nemi hutu, shugabanmu ya yi mini alkawarin farkon Afrilu. Zan zo in tone shi da hannuna. Ko me Toshbibi da tsohonta suka ce, ki bar shi sai na zo. Kin ga wannan karon ba tsohuwa a ciki, ba abin da za a karanta a juye.

Ki riƙe mini hannun Ena, ki ce mata autanta yana hanya.

Ƙaninki,
Yodgor

*

Cust, tsakiyar Afrilu

Yodgorjon,

Assalamu alaikum. Ina fatan yatsan ya warke. Ena ta fara tashi zaune, ta sa na wanke mata farin ɗankwali saboda zuwanka. Kullum in ƙofa ta yi ƙara sai ta ce, "Ga shi nan." In leƙa in ga akuyar Toshbibi.

Takardarka ta zo, na karɓi faɗan, na cancance shi. Zuwa yanzu ina jin tawa ta tsakiyar Maris ta same ka, ka san abin da tsohuwa ta yi mana. Farkon Afrilu ya zo ya wuce. Ina kake? Matar da take kawo wasiƙu ta ce in ƙanƙarar can ta fara narkewa hanyoyi nutsewa suke, mota ba ta shiga, jirgi ma sai an ga dama. To ko wannan za ta kai gare ka ban sani ba, amma in ban rubuta ba fashewa zan yi.

Ruwa ake yi tun bayan Nawruz, mai ɗumi, kwana da kwanaki. In ya ɗauke rana ta fito da zafi, ƙasa ta yi ta tururi. Duk unguwa ba sauran inabi a ƙasa sai namu. Ciyawa ta rufe tudun. Jiya na durƙusa na tura hannu a gefensa, ɗumi na ji kamar ƙarƙashin kaza mai kwanci. Na kai hanci, akwai wani wari-wari, irin na ɗakin ajiya in dankali ya fara lalacewa. Ban sani ba ko karan ne, ko shi ne.

Mijin Toshbibi ba ya shigowa saboda takabata, sai ya tsaya bayan katanga yana yi wa matarsa magana da ƙarfi don in ji. "Ki gaya wa wasu mutane, gawa ake binnewa a bari, ba inabi ba!" Ita kuma ta ce, "Wasu mutane sun ji. Kai da ka tone naka tsohuwa ta lashe, wa zai saurare ka?" Ya ce, "Wancan kuskuren Maris ne, wannan na Afrilu ne, ba uwarsu ɗaya ba!" Da a wani lokaci ne da na yi dariya.

Ka ga inda nake. Na ƙi jin maganarka sau ɗaya, na kashe biyu. Yanzu ina jin maganarka, zuciyata kuma tana gaya mini na ukun nake kashewa. In na ɗauki garma sai in tuna baƙaƙen idanun nan, in ajiye. In na ajiye sai warin ya biyo ni har madafa. Abinci ma tusa shi kawai nake yi.

Na tambayi Ena. Ta ce, "Ni masu inabi na haifa, ban taɓa riƙe garma ba. Auta ya ce a jira shi." Can kuma ta ce, kamar da bango take magana, "Ubansu dai bai taɓa barin shi a ƙasa har ganyen urik ya rufe reshe ba." Na leƙa. Ya rufe tuni.

Biyun na sama suna nan baƙi. Wasu 'yan toho sun ɓullo daga gindi, Toshbibi ta ce irin waɗannan ganye kawai suke yi, 'ya'ya sai baɗi.

Na roƙe ta ta je gidan waya ta buga maka tangarahu. Ka amsa ta nan, kalma ɗaya ta isa: tone, ko bari. Zan jira iya abin da zan iya.

Sanobar

*

Cust, ƙarshen Afrilu

Yodgorjon,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fatan kai ma haka. Ena ta taka har bakin ƙofar ɗaki da sanda. Sobir ya rubuto, ya ce a gaishe ka. Na fita takaba, matan unguwa sun zo an yi addu'a.

Ban jira ka ba. Gara in faɗa tun daga farko.

Wata Asabar na fito da hantsi na ga tudun ya tsage ta sama, a cikin tsagar wani abu fari ya leƙo, siriri kamar tsutsa. Toho ne. Ya gaji da jiranmu, ni da kai, ya nemo hanya da kansa. Na ce in wannan ya kai nan, na ƙasa fa? Na je na tsaya a ƙofar Ena na ce, "Zan tone." Ta ce, "Auta ya ce a jira." Na ce, "Na sani." Sai ta ce, "To kada ki sa garma."

Da hannu na yi. Toshbibi ta zo da cokulan katako biyu tana cewa, "Da tsufana yau ni ce mai kwasar miyar ƙasa." Muka yi ta yaye ƙasar kaɗan-kaɗan har la'asar. Karan ya ruɓe ya zama baƙin taɓo, rabin warin nasa ne. Rabin kuma na inabin ne. Daga tsakiya zuwa ƙarshe farin fumfuna ya lulluɓe shi, idanun in ka taɓa sai su narke a yatsa. Na yi ta bi ido-ido, wannan ya mutu, wannan ma ya mutu, har na daina gani da kyau.

Wajen gindi, inda ƙasar ta fi tudu ruwa bai kwanta ba, a nan suke. Toho farare, tsawon yatsa, sun nannaɗe cikin kara suna neman sama. Ba su da ƙwari ko kaɗan. Na karya biyu da gefen hannuna ban ma ji ba, sai ganinsu na yi a ƙasa. Daga nan Toshbibi ta daina wasa. Muka ɗaga hannun tare kamar masu ciro jariri daga ruwan wanka. Ba mu kai shi rumfa ba, a kan kujeru biyu muka ɗora. Mijinta ya yi ta ihu ta bayan katanga, wai kada rana ta gan su, ba su san ta ba tukuna. Na kafa musu zanen gado.

Sun yi kwana biyu farare kamar ba za su yi ba. Wasu suka yanƙwane suka faɗi. Sauran suka fara ɗaukar launi, rawaya-rawaya, sannan kore.

Tangarahunka ya zo bayan an gama komai: TONE KADA KI JIRA NI. Ena ta ce a adana shi, baɗi ma yi amfani da shi. Na gane ba a ba ka hutun ba. Da na jira shi da ba sauran abin tonowa. Da kuma na tone ran da zuciyata ta fara gaya mini, da rabin nan bai ruɓe ba. Ban ce laifinka ne ba, ban ce nawa ba ne. Na gaji da neman mai laifi.

Na yanke ruɓaɓɓen da wuƙar yayanka, na ɗora abin da ya saura a rumfa. Wurin yankan yana ta ɗigar ruwa har yau. Toshbibi ta ce haka yake yi, zai daina.

Jiya da hantsi ina ɗaure sababbin rassan da tsumma, sai na ga wani abu a jikin ɗaya, daura da ganye, ɗan dunƙule kore kamar an tara kawunan ashana. Na duba na kusa da shi. Na ruga na kamo Ena, muka taho a hankali, ta zauna a gadon katako ƙarƙashin rumfar da ba inuwa. Na ɗaga yatsa ina cewa, "Ena, ga ɗaya, ga kuma..." Sai ta buge mini hannu, da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta ce, "Ba a nuna su, kelin, ba a ƙirga su. Zubewa suke."

Ba su da yawa, wannan kam zan iya faɗa. Ba za su cika faranti a gaban kowa ba. Ga ruwan ƙanƙara na Mayu yana gaba, ga tsuntsaye, ga rina. Na ce wa Ena in Allah ya kai su kaka, ko ƙwaya ɗai-ɗai ce zan bi mutane da ita in sa musu a hannu, su ci su yi masa addu'a. Ta ce ƙwaya ɗaya ma ai amin ɗaya ce.

Na san za ka rubuto ka tambaye ni guda nawa ne. Kada ka ɓata fensirinka. Ba zan faɗa ba, ko a takarda. In kana son sani, ka zo ka tsaya a gindinsa ka duba da idonka, hannunka a aljihu.

Matar yayanka,
Sanobar